Matar Bangon Kudu

Da safiyar Litinin ta farko a watan Janairun 2015, Gariba, mai kula da Tsohuwar Kotu, ya hau tsani ya kwance wani farin yadi daga bangon kudu na babban zaure. Yadin ya faɗo. Matar da aka zana a bayansa ba ta nan.

Ya sauko, ya naɗe yadin, ya kira manajar gidan. Ita kuma ta kira ’yan sanda.

Tsohuwar Kotu tana kan wani titi da ya ɓalle daga babban titin Grand Concourse, a unguwar Bronx ta birnin New York. Waɗanda suka gina ta sun kwaikwayi gidajen mulkin biranen Italiya na da: ginshiƙan dutse, matakala mai faɗi, da zaure a sama inda ake rantsar da alƙalai. Sun ɗauko mai zane daga can ya cika bangayen zauren. Irin zanen da ake yi a kan ɗanyen yaɓe ne, launi ya shiga cikin farar ƙasa su bushe tare. Manoma, maƙera, ’yan kasuwa da alƙalai, duk a jere suna tafiya zuwa ƙofar wani birni. Kotu ta daɗe da tashi daga wurin. Wata gidauniya ke riƙe da ginin yanzu, tana ba da hayar zauren ga masu biki da taro. Waɗanda suka yi haya na ƙarshe su ne ’yan ƙungiyar Zango, Musulmin Ghana, don Mauludinsu, daga Juma’a zuwa Lahadi.

Shi ya sa aka ba Keziya Bot aikin. ’Yar Jos ce, jami’ar bincike, ita kaɗai ke jin Hausa a ofishinsu. A ofis ana turo ta wurin ’yan Afirka. ’Yan Afirka kuwa in sun gan ta sai su rage murya.

Ta sami manajar a tsakiyar zauren, wata doguwar Baturiya, hannuwanta cikin aljihun kwat.

“Kankare ta aka yi,” in ji manajar da Turanci. “Mace ce ɗauke da kwandon ’ya’yan itace. Ita ce mafi kyau a ɗakin nan.”

“Wa ke da makulli?”

“Ni da Gariba. Ba na son in faɗi haka, amma ya taɓa ce mini tun da ya fara aiki a nan bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskokin nan ba. Addininsa, kin gane. Kuma yadin yana ɗakinsa. Hitar ɗumama zaure ma ya ƙure ta tun Alhamis, ba da izinina ba.”

“Shi ya kira ki.”

“Wa kuma zai kira ni?”

Keziya ta matsa kusa da bangon. Wurin da aka ɗauke ya kai faɗin tabarmar salla, gefensa a miƙe kamar an ja layi. Bai zama fari fat ba. Inuwar fuska da ta kwando suna nan, kamar tabon da shayi ke bari a riga bayan wanki. Ta haska tocila a ƙasa. Babu ƙura, babu ɓarɓashi ko a cikin tsagar katako. Ta sa safar hannu ta shafa gefen. Wani abu mai ruwan ƙasa ya bushe a wurin. Ta shinshina, ta ji warin ganda.

A kusurwar ƙasa, jikin wani ƙarfen fitila, wata ’yar igiyar yadi tana ɗaure. Ta ɗauki hotonta, ta yanka ta daga baya don kada ƙullin ya lalace, ta sa a leda.

“Lauyanmu zai kai ƙara wurin mai gabatar da ƙara ranar Juma’a,” in ji manajar. “Kamfanin inshora yana son suna.”

Gariba yana ɗakin ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gida. Gado, buta, rediyo, kujera ɗaya. Tsoho ne ɗan Kumasi, siriri, ya haura sittin. Yadin yana naɗe a kan gadon.

“Baba, sannu da aiki.”

Ya ɗago kai. “Ke ’yar ina ce?”

“Jos.”

“Garin sanyi. To kin saba.” Ya nuna mata kujerar, shi ya zauna a bakin gado.

“Me ya sa ake rufe bango?”

“In mun yi taro a sama, a nan muke salla. Ba a salla ana kallon hoton mutum. Sai a rufe na gaba.”

“Bangon kudu yana gaban masu salla?”

“Yana bayansu.”

“An taɓa rufe shi?”

“Ba a taɓa ba.”

“Amma ka gan shi a rufe tun Juma’a, ba ka tambaya ba.”

“Wanda ya ƙara tsoron Allah, ba a ce masa ya rage.”

“Wa ya rataya yadin?”

“Hajiya Safiatu ke rufe hotuna.”

“Ban tambaye ka wa ke rufewa ba, Baba. Wannan fa?”

Ya dubi yadin, ya kau da kai. “Ban gani ba.”

Ta tambaye shi ranar Alhamis. Ya ce ranar hutun sabuwar shekara ce, gidan a rufe yake. Ya buɗe ƙofar baya da rana don masu shirya wuri, ya koma ƙasa.

“Su wa?”

“’Yan ƙungiya.”

“Ba su da suna?”

“Na tsufa, ’yata.”

“Wa ya ce ka ƙure hita?”

“Akwai tsofaffi a taron.”

“Wa ya ce?”

Tukunyar ɗumama gida ta yi ƙara ta yi shiru.

Keziya ta ajiye biro. “Baba, ka saurare ni. Katin zama gare ka, ba fasfon ƙasar nan ba. Abin da aka lalata yana da tsada. In kotu ta same ka da laifi, bayan kurkuku jirgi za a sa ka. Wa kake da shi a Kumasi?”

“Kaburbura.”

“To ka ba ni suna.”

“Allah na nan,” in ji shi. Ya miƙa mata yadin da hannu biyu.

Washegari aka turo wata ƙwararriya mai gyaran tsofaffin zane. Ta daɗe a kan tsani da gilashinta.

“Ba kankarewa ba ne,” ta ce da ta sauko. “Ɓare shi aka yi. Ana dafa gam daga fatar dabba, a shafa shi da zafi a kan zanen, a manna siririn yadi, a ƙara wani a kai. In gam ya bushe yana tsukewa, ya kama saman launin. Sai a ja yadin a hankali daga ƙasa, zanen ya biyo shi, a naɗe kamar darduma.”

“Yana ɗaukar lokaci?”

“Shafawa, yini ɗaya ya isa. Bushewa ce ke son kwanaki, da ɗaki mai zafi. Ja kuma bai kai awa ba.”

“Wa ya iya?”

“A nan, kusan babu. An daina yi. A Italiya aka fi saninsa. Wanda ya yi wannan ba jiya ya fara ba.”

Keziya ta ci abincin rana a mota, gilashi a rufe, tana kallon ginin. Ta fahimci amfanin farin yadin. Duk tsawon Mauludin, gam yana bushewa a bayansa, mutum ɗari biyu suna zaune a ɗakin. Ɓarawon bai ɓoye aikinsa ba. Ya rufe shi da abin da ya san babu mai ɗagawa. Ba baƙo ke sanin haka ba.

Shagon Hajiya Safiatu yana kusa da tashar jirgin ƙasa na layin D. Leshi, atamfa, turaren wuta, man shafawa. Mace ce mai jiki, tana zaune bayan kanta tana ɓare gyaɗa.

“Ke ce ’yar sandar da ke jin Hausa? An ce ba ki da miji.”

“An faɗa miki gaskiya, Hajiya.”

“Bindigar ce ke korar su. Ki riƙa barin ta a gida. Zauna.”

“Ke kika rufe hotuna a Mauludi?”

“Wa kuma? Tun ana yi a ɗan ƙaramin ɗaki ni ke yi.”

“Har da bangon kudu?”

Safiatu ta ajiye gyaɗar. “Ki dube ni da kyau. Ni zan rataya alawayyo a Mauludin Annabi? Mutuwa aka yi? Nawa kore ne da ruwan gwal, ga sauransa can sama, ki duba. A kan sandunan ƙarfe nake ɗora shi, da fil nake kamawa, ba ya taɓa bangonsu. Baturiyar nan ta sa na sa hannu a kan haka.”

Keziya ta duba. Yadin roba ne mai sheƙi, gefensa cike da hudar fil. Ba ya shan gam.

“Yaushe kika ga farin?”

“Juma’a da safe na same shi. Na ce Liman ne ya sa Gariba. Ashe shi ma Liman ni yake tsammani. Ran Lahadi na kwashe nawa, na bar musu nasu.”

“Kin ji wani wari?”

“Wele! Ku kuke ce masa ganda. Na sauka na yi wa masu girki faɗa, na ce wa ya kawo wele bai gaya mini ba? Suka rantse babu. Sai na ƙara turaren wuta. Ga zafi kamar ana gasa mu. Tsofaffin ma fifita suke yi.”

“Wa a cikinku ya taɓa zama a Italiya?”

Safiatu ta yi dariya har ta dafa kanta. “Rabin Zango ta can suka biyo. Mijina ma ya tsinci tumatir a can, har yau ba ya cin miyar tumatir da daɗin rai. Ki kawo babbar mota idan kama su za ki yi.”

Keziya ta ciro ledar ta ɗora a kan kanta. Dariyar ta tsaya. Safiatu ta janye hannuwanta zuwa cinyarta.

“Ɗauke mini wannan daga kan kaya.”

“Mene ne?”

“Ke Kirista ce, ba ki sani ba. Ɗauke tukuna.”

Keziya ta riƙe ledar a hannu.

“Ni nake wanke mata in sun rasu,” in ji Safiatu, muryarta ta yi ƙasa. “In an naɗe mutum a likkafani, ba a neman igiya daga waje. Daga gefen yadin ake yago ta da hannu. A ɗaure zarge, ƙullin ta hagu, wutsiyar doguwa. In an kwantar da shi a kabari, a ja sau ɗaya ya warware. Ba a yi wa mai rai wannan ɗaurin, ba a yi wa kaya. Wanda ya yi shi a bango bai yi tunani ba. Hannunsa ne ya tafi inda ya saba.”

“Wa ke wanke maza?”

“Maza su suka san nasu.”

“Hajiya, ranar Juma’a za a shigar da Baba Gariba kotu.”

Safiatu ta ɗauki gyaɗa ɗaya, ta juya ta, ba ta ɓare ba. “Ni ban ce miki komai ba. Ki gaida gida.”

Kyamarar wani kanti da ke bayan Tsohuwar Kotu ta nuna farar motar kaya a ƙofar baya ranar Lahadi da la’asar. Lambar motar ta kai Keziya wurin Issoufou, direba ɗan Damagaram. Ranar Laraba ta same shi a filin da direbobi ke jiran fasinja kusa da tashar jirgin sama ta JFK, yana shan shayi a murfin filas, iska na kaɗa wandonsa.

“Bon, madam, in tikiti ne na biya.”

“Ba tikiti ba ne. Me ka ɗauka daga Tsohuwar Kotu ran Lahadi?”

“Tukwane, kuloli, dardumai, lasifika. Kyauta fa na yi, don Annabi. Ga abin da na samu, ’yar sanda.”

“Ka hau sama?”

“Da wannan ƙafar?” Ya ɗaga wandonsa ya nuna mata gwiwa a naɗe da bandeji. “Lif ɗinsu ya mutu tun zamanin alƙalai. A ƙofa na tsaya, ana miƙo mini.”

“Ran Alhamis kana ina?”

“Nan. Sabuwar shekara, jirage cike. Tambayi kowa, sun gaji da ganina.”

“Akwai wani dogon abu a naɗe cikin kayan?”

“Dardumai duk a naɗe suke.” Ya kurɓi shayi. “Sai tabarmar Malam. Wannan ba a baya na sa ta ba, a cinyarsa ya riƙe.”

“Wane malam?”

“Malam Braimah, mai wankan gawa. Ya ce tabarmar gawa ce, zai kai gida ya wanke. Voilà. Wa zai ce a kwance a gani?”

“An yi rasuwa a makon?”

“Ban ji ba.”

“Lokacin cin abinci, bayan addu’ar rufewa, yana ƙasa tare da ku?”

“Shi ba ya ci da mutane. Sama yake tsayawa ya naɗe dardumai, a ajiye masa nasa.” Ya sosa gemu. “Ba ƙyama ba ce, madam. Muna girmama shi. Amma hannun da ya wanke ubanka, ka gan shi a kwano ɗaya da naka... kin gane.”

“Ya zauna a Italiya?”

“Shi? Ko zagi zai yi da Italiyanci yake yi. Nan yake aiki, yana loda akwatuna. Yau hutu yake, gobe ma haka. Ran Lahadin ni na sauke shi a bakin jirgin ruwan Staten Island, can yake zaune.” Ya rufe filas ɗinsa. “Me ya yi?”

“Na gode, Malam Issoufou.”

Ranar Alhamis da rana ta haye ruwa zuwa unguwar Port Richmond, a Staten Island. Ta bar ɗan sanda mai kaki a mota, ta hau benen da ke saman wani shagon wanki. Tun daga matakala ta ji warin ganda.

Mutumin da ya buɗe ƙofa gajere ne, mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa. Ya dubi katinta, ya dubi fuskarta.

“Malam Braimah?”

“Shigo. Ki bi ta gefe, kada ki taka.”

An jingine gadon a bango. Faifan katako ya cinye tsakiyar ɗakin, a kansa an shimfiɗa yadi an kafe shi da ƙananan ƙusoshi. Bayan zanen ne ke sama, launuka a dushe, kwandon ya koma ɗaya hannun. A kusurwa akwai tukunya a kan risho, da buroshi, da bandir ɗin alawayyo da aka yagi gefensa. Bargo yana kan kujera. A nan yake kwana.

Keziya ta gaya masa haƙƙinsa, da Turanci sannan da Hausa. Ya ce ya ji, ba ya son lauya yanzu. Ta tsaya a bakin taga, don babu wurin zama.

“Zan faɗi yadda aka yi, ka gyara mini in na yi kuskure. Ran Alhamis Baba Gariba ya buɗe maka ƙofar baya. Kai ke shimfiɗa dardumai, babu wanda zai yi mamakin ganinka. Ka shafa gam, ka manna yadi, ka rataya alawayyo a kai. Ka ce masa ya ƙure hita saboda tsofaffi. Ka san Hajiya za ta ce Liman ne, Liman zai ce Hajiya ce, kuma babu mai ɗaga yadin da aka rufe hoto da shi. Ran Lahadi kowa ya sauka cin abinci, ka san ba za a neme ka ba. Ka ja zanen, ka mayar da alawayyon, ka naɗe shi cikin tabarma ka ce ta gawa ce.”

“Haka aka yi.”

“Rabin mutanenku sun zauna a Italiya, wannan bai kai ni ko’ina ba. Ɗaurin ne ya kawo ni.”

Ya ɗago. “Wane ɗauri?”

Ta nuna masa ledar. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi.

“Ban lura ba,” ya ce.

“Wa zai saya?”

“Babu.”

“Malam, ba a yin wannan wahalar don Allah.”

“Ki duba wayata. Ki duba duk inda kike so. Wa na sani da zai saya?” Ya jingina da bango. “A Italiya na yi wa wani tsoho aiki, muna cire irin waɗannan daga gidajen da za su rushe. Da ya mutu aikin ya mutu. Na zo nan. Da rana akwatunan mutane, in an kira ni kuma, gawar mutane. Wanda ya mutu a ɗaki shi kaɗai har ya kumbura, ni ake kira. Ba na ƙi.”

“Ban ga inda matar ta shigo ba.”

“In an yi taro a zauren nan, a baya nake zama, jikin bangon kudu. In na zauna, na dama ya ɗan matsa, na hagu ya ɗan matsa. Da ladabi suke yi, suna gaishe ni. Ita tana daidai kafaɗata, ta juyo kamar za ta miƙo kwandon. Ita kaɗai ba ta matsawa.” Ya share baki da bayan hannu. “Na san zane ne. Ba mahaukaci ba ne ni. Na san kuma bai dace da irina ba. Na ce dai in na dawo daga aiki in sami wani abu a ɗakin.”

Keziya ta san irin ɗakin. Nata yana hawa na shida, kuma rediyo take bari a kunne in za ta fita.

“Baba Gariba fa?”

“Na ɗauka za su ce laima ce ta cinye bangon.”

“Laima ba ta jan layi. Sun ce shi ne.”

“Na ji.”

“Tun yaushe?”

“Tun Litinin.”

“Yau Alhamis, Malam. Gobe za a kai shi kotu. In ya faɗi, jirgi za a sa shi.”

Braimah ya dubi katakon. “Na so in gama tukuna. Sai an manna mata sabon baya ya bushe, sannan a juya, a wanke yadin gaba da ruwan zafi. Fuskar tana ƙarƙashi. Ban ma gan ta ba tun da na kawo ta.”

“Da ka gama za ka je ka faɗa?”

Braimah ya sunkuyar da kai. Ta jira, sannan ta leƙa taga ta yi wa ɗan sandan alama. Braimah ya kashe risho, ya sa takalmi, ya miƙa hannuwansa.

Da yamma aka kira ƙwararriyar ta zo da mutanenta su ɗauki katakon yadda yake. Ta ce za a iya mayar da zanen, amma ba zai koma kamar da ba. Manajar ta janye sunan Gariba a waya, ta ce za ta ba shi haƙuri da kanta. Ta ƙara da cewa gidauniya za ta sake duba batun ba da hayar zauren.

Ranar Juma’a da safe Keziya ta koma Tsohuwar Kotu. Ta sami Gariba a zaure yana goge ƙasa, kansa a sunkuye. An kewaye bangon kudu da igiyar ’yan sanda.

“Baba, an gama. Babu kotu. Ɗakinka da aikinka suna nan.”

“Na ji. Hajiya ta kira ni.” Bai daina gogewa ba. “Shekara nawa za su ba shi?”

“Ban sani ba. Zai yi zaman kurkuku. Bayan nan wataƙila a mayar da shi gida.”

Ya gyaɗa kai.

“Kai ka kwance yadin,” in ji ta. “Ka ja wutsiyar igiya sau ɗaya ta warware. Sau nawa ka tsaya a bakin kabari? Tun kana kan tsani ka gane.”

“Na gane.”

“Kuma shi ya ce ka ƙure hita.”

“Shi ne.”

“Ka yarda a sa ka a jirgi saboda mutumin da ya ji an kama sunanka ya yi shiru?”

Gariba ya tsoma tsumma a bokiti, ya matse, ya tsaya riƙe da sandar gogewar.

“’Yata, a garin nan ba ni da ɗa, ba ni da ƙane. In na mutu a ɗakin ƙasan nan, sai wari ya fito za a sani. Samarinmu ba sa taɓa gawa, tsoro suke ji, sai su bar wa Turawan asibiti. Shi ba ya ƙi. Na ga yadda ya yi wa abokaina, bai taɓa gaggawa ba.” Ya dube ta, karo na farko tun da ta shigo. “Kin yi aikinki, Allah ya biya ki. To yanzu wa zai yi mini wanka?”

Keziya ta sa hannu a takardar sakin wurin, ta cire igiyar ’yan sanda ta naɗe. Gariba ya ja bokitinsa zuwa bangon kudu ya ci gaba daga inda ya tsaya.